Yaro Ya Zo Amurka da Hausa a Bakinsa: Wane Aji Za a Zaɓa Masa?

Daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba wayata ba ta hutawa. Ko dai wata ce maigidanta ya samu ya ɗauko ta da yara daga Kano, ko wani ɗan Damagaram ne da ya shekara goma yana tuƙin tasi sai bana takardun iyalinsa suka fito, ko mutanen Zangon Kumasi ne. Maganar dai guda ce: "Yaya, an ba mu takarda a makaranta wai mu zaɓa. Me za mu zaɓa?" Ni ba malamar makaranta ba ce. 'Ya'yana uku ne suka bi ta makarantun gwamnati na birnin Niyok, kuma na raka iyaye da dama ina yi musu tafinta, har na gaji da maimaita bayani ɗaya a tsaye a bakin masallaci. Shi ya sa na zauna na rubuta. Tsarin Niyok zan fi bi don shi na sani ciki da bai, amma wanda ke wata jiha ma zai tsinci abin tsinta.

Ranar da kuka kai yaro rajista, cikin tarin takardun da za a miƙo muku akwai wadda ke tambayar harshen da ake yi a gida. In kuka rubuta wani harshe ban da Turanci, malami zai zauna da ku da yaron ya ɗan yi muku tambayoyi, in ya ga da buƙata a yi wa yaron jarrabawar gwaji. A zamanin nawa yaran sunanta NYSITELL. Wasu jihohin suna amfani da ta WIDA, Kalifoniya kuma da ELPAC. Sakamakon ne ke ajiye yaro a ɗaya daga matakai biyar, tun daga wanda ko "zo in kashe ka" bai sani ba da Turanci har zuwa wanda ya ƙware. Dokar jihar Niyok ta ce a gama duk wannan cikin kwana 10 na makaranta. Daga nan a kira ku, a kunna muku bidiyo, a ba ku fom mai zaɓi uku: ajin Turanci zalla da ake kira ENL, ajin harshe biyu na wucin gadi, da ajin harshe biyu na dindindin.

Kada ku ɗauka alfarma ake yi muku. A 1974 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Lau da Nichols, wadda aka shigar saboda yara 'yan asalin Sin kusan 1,800 a San Francisco da aka zuba a aji ana yi musu karatu da harshen da ba sa ji. Kotun ta ce ba wa yaro kujera da littafi iri ɗaya da na kowa ba adalci ba ne in bai fahimci abin da ake faɗa ba. A 1982 kuma, a shari'ar Plyler da Doe, ta ce makarantar gwamnati ba ta da ikon hana yaro karatu don iyayensa ba su da takardun zama. A ƙididdigar 2021 yara miliyan 5.3 ne ke cikin wannan rukuni na masu koyon Turanci, wato kusan ɗaya cikin goma na ɗaliban makarantun gwamnati. Kusan kashi uku cikin huɗu nasu Sifaniyanci suke yi a gida. Ku riƙe wannan, don kusan duk tsarin saboda su aka gina shi, mu raɓe muka yi.

Kuskuren farko tun a waccan takardar harshen gida ake tafka shi. Mutanenmu, musamman na Najeriya da Ghana, sai su rubuta Turanci, wai kada a raina yaron ko a mayar da shi baya. Wani bawan Allah ya taɓa ce mini, "Hajiya, ai ƙasarmu Turanci ake yi, don me zan rubuta Hausa a ce ɗana baƙauye ne?" Na ce, "Alhaji, yaron nan a firamaren gwamnati ya yi aji huɗu. Ɗauki littafin nan ka ba shi ya karanta mana shafi ɗaya, ya gaya mana abin da ya ce." Ya karanta kalmomin tiryan-tiryan, kamar hadda, da aka tambaye shi ma'ana sai ya sunkuyar da kai. In aka rubuta Turanci ba za a yi masa gwaji ba, ba kuma za a ba shi malamin taimako ba, sai a bar shi yana ta faɗuwa ana cewa ba shi da ƙwaƙwalwa. Akasin haka ma yana faruwa: yarinyar da ta fito daga makarantar kuɗi a Abuja ko Accra, Turancinta garau, amma don lafazinta ya bambanta kuma ta ji kunya ranar gwajin, sai a liƙa mata sunan mai koyon Turanci. Wannan yana da magani. A Niyok kuna da kwana 45 na makaranta ku rubuta takarda ku ce a sake dubawa.

To, ajin ENL, wanda a yawancin jihohi ake ce wa ESL. Nan ne tara cikin goma na yaran da na raka suka ƙare, ko an so ko ba a so, don haka nan zan fi daɗewa. Karatu duka da Turanci ake yi, sai dai akwai malami na musamman da ya koyi yadda ake koyar da wanda Turanci ba harshensa ba ne. Sunan guda ne amma aikin iri biyu ne, kuma bambancinsu ya fi bambancin da ke kan fom ɗin tasiri a kan yaro. A na farko malamar takan zo ta ɗauki yara biyar ko shida daga aji ta kai su wani ɗan ɗaki, su yi Turanci kawai: sauti, kalmomi, yadda ake haɗa jimla. A na biyu ita ce ke shigowa ajin, ta haɗu da malamin lissafi ko na kimiyya su koyar tare, yaron yana koyon Turancin a cikin darasin da kowa ke yi.

Doka ta ƙayyade lokacin. Yaron firamare ko ƙaramar sakandare da ke matakin farko ko na biyu yana da minti 360 a mako. Na matakin farkon ana raba masa biyu, rabi a keɓe rabi a cikin aji. Na mataki na uku da na huɗu minti 180. Ɗan babbar sakandare da ya zo ba ya jin komai yana da minti 540. Ku rubuta waɗannan lambobin a wayarku, domin abin da ke kan takarda daban, abin da ake yi daban. Makarantar da ke da malamar ENL ɗaya tak da yara saba'in ba za ta iya cika mintocin nan ba ko da tana so, kuma ranar da wani malami bai zo ba ita ake turawa ta riƙe ajinsa.

Babbar 'yata tana da shekara bakwai muka zo. Wata huɗu ba ta ce uffan ba a makaranta. Ta dawo gida ta ajiye jaka ta dinga zuba da Hausa kamar an kunna rediyo, amma can ko izinin banɗaki ba ta iya nema, sai ta matse har a tashi. Ɗan ɗakin nan ne ya buɗe mata baki. Su biyar ne: ita, da 'yar Yaman, da yara biyu 'yan Dominika, da wani ɗan Gambiya, kowa da nasa guntun Turancin, babu mai yi wa wani dariya. Ranar da ta shigo gida ta ce mini, "Umma, yau na ɗaga hannu," na tabbata kuɗin jirginmu bai tafi a banza ba. Amma a ƙarshen zangon da na ga katin sakamakonta, lissafi ya faɗi warwas, yarinyar da a Kano ita ke zuwa ta ɗaya a lissafi. Da na bincika ashe lokacin lissafi ake fitar da ita, sau uku a mako. Darasin da ya fi kowane sauƙi ga mara Turanci, wanda za ta iya nuna kanta a ciki, shi aka raba ta da shi. Magana ɗaya na yi da malamar aka sauya lokacin. Da ban tambaya ba haka za a ƙare shekarar.

A ganina, ga wanda bai jin komai, ɗakin keɓewa yana da amfani ƙwarai a watannin farko, domin a babban aji surutu ne kawai ke wuce shi. Da zarar ya fara kama magana, shigowar malama cikin aji ta fi, don a nan ne yake jin Turancin littafi, kuma ba ya rasa darasi. Illar na biyun ita ce in malaman biyu ba sa zama su tsara darasi tare, malamar ENL takan koma kamar 'yar rakiya, ta tsuguna gefen yaro tana yi masa raɗa. Ku tambaya kai tsaye: wane darasi ake fitar da shi, su nawa ne a rukuninsa, kuma malamar tana da takardar shaidar koyar da masu koyon Turanci? Wani abu kuma, a jihar Niyok iyaye suna iya ƙin ajin harshe biyu amma ba sa iya ƙin ENL in gwaji ya nuna yaro yana buƙata. A wasu jihohin ana iya sa hannu a ƙi taimakon gaba ɗaya. Ban taɓa ba kowa shawarar yin haka ba.

Zaɓi na biyu, ajin harshe biyu na wucin gadi, dabara ce mai kyau da ba ta iso gare mu ba. Yaran ajin duka harshensu ɗaya, a fara koya musu lissafi da kimiyya da karatu da harshen gida, Turanci yana shigowa kaɗan-kaɗan, har bayan 'yan shekaru a juye gaba ɗaya. Wanda ya san tsarin firamaren Najeriya na da, inda a takarda aka ce a yi aji ɗaya zuwa uku da harshen uwa sannan a koma Turanci, ya san wannan. A birnin Niyok, bisa yarjejeniyar Aspira ta 1974 da iyayen Puerto Rico suka samo ta hanyar kotu, in yara 15 masu harshe ɗaya suka taru a azuzuwa biyu masu bin juna a firamare ko ƙaramar sakandare, ko 20 a aji ɗaya na babbar sakandare, wajibi ne makaranta ta buɗe musu irin wannan aji. Akwai na Sifaniyanci birjik, akwai na Sinanci da wasu ƙalilan. Na Hausa ban taɓa gani ba. Mu 'yan Afirka ta Yamma muna da yawa a Bronx da Harlem, amma in aka rarraba mu sai a ga Hausa uku, Fillanci huɗu, Soninke biyar, Zabarmanci biyu, Twi, Bambara, Wolof, kowa bai kai ba. Ga shi kuma rabinmu sun rubuta Turanci ko Faransanci a fom, ta yaya za a ƙirga mu? Ko don wannan kaɗai ku rubuta Hausa.

Abin da zan ja kunne a kai shi ne, kada ku ajiye fom ɗin a gida ku manta. In ba a mayar da shi ba, ƙa'ida ta ce ajin harshe biyu ne zaɓin yaro. Na taɓa raka wata baiwar Allah wata makaranta, ɗanta ya yi mako shida yana dawowa gida da kalmomin da ba ta gane ba, ita duk a zatonta Turancin Amurka ne. Ashe ajin Sifaniyanci aka cusa shi don nan ne da sauran kujera. Yaro da Hausa kaɗai, rabin yini ana yi masa bayani da harshen da babu ruwansa da shi, an kuma tsara ajin bisa zaton cewa kowa ya zo da shi daga gida. A ranar aka canza shi, amma mako shidan sun tafi.

Na uku, ajin harshe biyu na dindindin, shi ne ake rububi a kansa yanzu, har masu kuɗi suna ƙaura zuwa unguwar da yake. An fara shi a makarantar Coral Way ta Miami a 1963, saboda 'ya'yan 'yan Kyuba da suka yi gudun hijira. Ana haɗa yaran da Turanci ne harshensu da waɗanda ke yin ɗaya harshen, yawanci rabi da rabi, karatun ma rabi da rabi, kuma ba a barin harshe na biyun har a gama firamare ko fiye. Manufarsa yaro ya iya karatu da rubutu da duka biyun.

An sha rikici a ƙasar nan kan ko koyarwa da harshen gida yana jinkirta Turanci. A 1998 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da ƙuduri mai lamba 227 da ya kusan rufe azuzuwan harshe biyu, Arizona ta bi a 2000, Massachusetts a 2002. Arizona har ta kai ana keɓe masu koyon Turanci awa huɗu kullum suna Turanci zalla, sauran darussa suna wuce su. Daga baya Kalifoniya ta janye a 2016, Massachusetts a 2017, Arizona kuma ta rage awannin a 2019. Binciken da aka yi a tsakani ya taimaka wajen sauya ra'ayin. Ilana Umansky da Sean Reardon sun bi sawun yara masu Sifaniyanci a wata babbar gundumar makarantu tsawon shekara 12, suka wallafa a 2014 cewa 'yan ajin Turanci zalla sun fi saurin cin jarrabawar fita daga rukunin masu koyon Turanci a shekarun farko, amma zuwa sakandare 'yan harshe biyu sun kamo su har sun wuce. A Portland, inda ake shiga irin wannan aji da ƙuri'a, binciken da ya fito a 2017 ya nuna waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu sun fi takwarorinsu a karatun Turanci da kimanin wata 7 a aji biyar, da wata 9 a aji takwas. A lissafi da kimiyya ba a ga wani bambanci ba. Mu ma a gida an gwada makamancin wannan: Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ife daga 1970, aka yi wa yara firamare shekara shida da Yarabanci, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su gaza a Turancin ba.

Sai dai ku lura da abin da ke bayan waɗannan sakamakon. Mai koyon Turanci yana cin ribar ajin ne saboda rabin yini ana yi masa karatu da harshen da yake ji. Tambayar da ta dace da ɗan Bahaushe ke nan: harshen na biyu nasa ne? Nan ne mutanen Nijar da Kamaru da Chadi suke da wata ƙofa da mu 'yan Najeriya ba mu da ita, wato Faransanci. Makarantar PS 58 a Brooklyn ta buɗe ajin Faransanci da Turanci a 2007, wasu suka biyo baya, a Harlem kuma akwai makarantar New York French American Charter School wadda kyauta ce kuma 'ya'yan 'yan Afirka suna da yawa a cikinta. Yarinyar da ta yi aji huɗu ko biyar a makaranta mai kyau a Yamai ko Maraɗi, tana karanta Faransanci tana rubutawa, in aka samu gurbi a irin wannan aji, to an dace. Ranar farko za ta zama ita ce gwanar aji rabin yini, kuma abin da ta sani ba zai zube ba. Amma fasfo na Nijar ba shi ne jin Faransanci ba. Yaron da ya yi shekara biyu a makarantar ƙauye cikin yara tamanin, abin da ya riƙe bai wuce gaisuwa da waƙoƙin aji ba, in kuka sa shi nan kun ɗora masa baƙin harsuna biyu a lokaci guda. Haka batun Larabci yake ga Hausawan Sudan: a unguwar Bay Ridge ta Brooklyn akwai ajin Larabci da Turanci, kuma yaron da ya yi makaranta a Khartoum ko Wad Madani zai amfana. Wanda Larabcinsa na allo da Islamiyya ne, yana karantawa amma ba ya magana da shi, lissafinsa daban.

To ɗan shekara biyar fa, wanda bai fara karatu da kowane harshe ba, ga ajin Sifaniyanci da Turanci a makarantar ƙofar gida? Na ga waɗanda suka sa 'ya'yansu suka fito da harshe uku, kuma a Bronx mai jin Sifaniyanci ba ya rasa aiki a asibiti ko shago. Ba zan hana ba in an cika sharuɗɗa biyu: a fara tun daga ajin share fage, kuma iyali su tabbata ba za su tashi daga unguwar bayan shekara biyu ba. Wannan aji sai an jure masa shekara biyar ko shida kafin a ga amfaninsa; wanda ya fita a tsakiya ya yi biyu babu. Ku sani kuma ranar da aikin gida ya zo da Sifaniyanci babu mai taimaka masa a gidan. Ni ban sa nawa ba. Autana har yau yana yi mini ƙorafi.

Akwai zaɓi na huɗu da ba ya kan fom ɗin, kuma ga matasa ya fi sauran ukun muhimmanci: makarantun sababbin zuwa. Ɗan shekara shida yana da lokaci. Ɗan shekara 16 agogo ne ke bin sa, domin a birnin Niyok sai ya tara kiredit 44, wato makin da ake samu a kan kowane darasin da aka ci, kafin a ba shi shaidar gama sakandare, kuma damarsa ta zama a makarantar gwamnati tana ƙarewa a shekara 21. Masani Jim Cummins ya daɗe da bambance Turancin hira, wanda yaro kan kama cikin shekara ɗaya ko biyu, da Turancin karatu, wanda kan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Ku auna wannan da shekarun da suka rage wa matashin.

An buɗe makarantar farko ta irin waɗanda ake kira Internationals a 1985 a harabar kwalejin LaGuardia da ke Queens, yanzu akwai da dama, har da Bronx. Suna ɗaukar waɗanda ba su wuce shekara huɗu a ƙasar ba. Kowa a ajin baƙo ne, kowane malami, har na lissafi, malamin Turanci ne, kuma ana zaunar da yara rukuni-rukuni su yi aiki tare, wanda ya riga zuwa yana jan na bayansa da harshensu. ELLIS Prep a Bronx tana karɓar waɗanda suka zo da shekara 16 zuwa sama. Wanda dole sai ya yi aiki da rana akwai Manhattan Comprehensive mai karatun dare da rana. A Greensboro ta jihar North Carolina, inda 'yan Nijar suke da yawa, makarantar Doris Henderson tana riƙe sabon zuwa kamar shekara guda kafin a tura shi ta unguwarsu.

Wani maƙwabcinmu ya ɗauko ɗansa daga wajen Damagaram yana da shekara 16. Boko aji uku ya yi, amma ya haddace fiye da rabin Alƙur'ani, yana rubuta allo da hannu mai kyau. Uban ya kai shi babbar sakandaren da ta fi kusa, mai ɗalibai dubbai. Wata biyu yaron yana zama a kujerar baya da hular sanyi har ido, daga baya sai ya fara sauka daga jirgin ƙasa kafin tashar makarantar. Uban ya zo mini ransa a ɓace: "Yaya, yaron nan ya lalace." Na ce, "Malam, kai in aka zaunar da kai awa bakwai ana yi maka Sinanci, kwana nawa za ka yi?" Muka koma cibiyar rajista muka faɗi gaskiyar shekarun karatunsa, abin da uban ya ɓoye da farko don kunya. Akwai rukuni na musamman da ake kira SIFE, na yaran da karatunsu ya katse har suka yi ƙasa da ajinsu da shekara biyu ko fiye, kuma ana yi musu tanadi dabam. Na kuma dage a rubuta cewa yana karatu da rubutu da baƙaƙen Larabci, don wanda ya san harafi yana ɗauke da sauti, ya saba zama ya rubuta ya haddace, ba ɗaya yake da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. Aka mayar da shi makarantar sababbin zuwa. A teburinsa akwai ɗan Gini da ɗan Togo mai jin Hausar Zango. Yana da shekara 20 ya gama.

Su ma suna da nasu aibin. Yaro ba ya cuɗanya da waɗanda aka haifa da Turanci, don haka lafazinsa da Turancin titi sukan yi jinkiri. Makarantun ƙanana ne, darussan zurfi da wasanni ba su kai na manyan makarantu ba, kuma sau da yawa sai an shiga jirgi an yi tafiya. Matashin da ya gama JSS 3 ko SS 1 a makaranta mai kyau a Kaduna, wanda Turancinsa gyara kawai yake so, ba wurinsa ba ne. Babbar sakandare mai ENL ta fi masa, kuma zai fita daga rukunin da wuri. Shi dai ku zo da takardun sakamakonsa na gida, masu hatimi, kowane zango, domin ana iya mayar da su kiredit. Na ga wanda ya maimaita shekara guda cur saboda an bar katinsa a cikin akwati a Kano.

Duk wanda kuka zaɓa, kowace bazara za a yi wa yaron jarrabawar ji da magana da karatu da rubutu, a aiko muku da wasiƙa a farkon sabuwar shekarar karatu. Ku buɗe ta. Mataki ɗaya a shekara tafiya ce mai kyau. In ya shekara biyu a wuri ɗaya ku je ku tambaya wane ɓangare ne ke riƙe shi. Kusan kullum rubutu ne, yaro yana zuba Turanci kamar a nan aka haife shi amma ba ya iya haɗa sakin layi. Wanda ya kai shekara bakwai bai fita ba, jihar tana sa shi a rukunin waɗanda suka daɗe, kuma irinsu ne sukan rasa darussan da ke kai mutum jami'a. Bayan fita ma akwai sauran taimakon minti 90 a mako na shekara biyu. In za ku je makarantar ku ce a nemo muku tafinta, hakkinku ne, ko ta waya ce. Kada ku sa yaron ya fassara maganar da ake yi a kansa. Na san wanda malama ta ce ba ya kawo aikin gida, ya juya ya ce wa uwarsa wai an ce yana ƙoƙari.

Wata malama ta taɓa ba ni shawara, da kyakkyawar niyya, wai mu dinga yin Turanci a gida don yaran su yi sauri. Na gwada mako biyu. Turancina na lokacin bai wuce "zauna", "ci abinci", "yi shiru" ba, sai na ga na daina hira da 'ya'yana, umarni kawai nake bayarwa. Na watsar. Turancin zai zo, ta makaranta da talabijin da abokai, ko kun so ko kun ƙi. Hausar ce ba ta da kowa sai ku. Yaron da aka yi wa tatsuniya, aka tambaye shi dalili, aka bar shi ya yi gardama da Hausa, da wannan kan zai shiga ajin Turanci. Tunda babu makarantar da za ta buɗe mana ajin harshe biyu, rabin Hausar a gidana ake yin sa, bayan sallar isha'i, da tsofaffin littattafan firamare da ƙanwata ta aiko mini a cikin kayan yaji da kuka. Babbar 'yar tawa, wadda ta yi wata huɗu ba ta magana, ita ce yanzu nake turawa rakiyar iyaye in aiki ya riƙe ni. Satin da ya wuce ta dawo tana mita, wai wani Alhaji ya sake rubuta Turanci a takardar harshen gida, sai da ta sa ya karɓi sabuwa.